Kazar Kulu

Ranar Lahadi na gane babu lafiya.
Na watsa tsaba, kaji suka yo kaina,
ita ko tana can gindin turmi,
ta saki fukafukai kamar rigar aro,
ido ɗaya a rufe, ɗaya yana ruwa,
wuya ya shige cikin kafaɗa.

Wake-wake ce. Kulu ta sayo ta
a kasuwar Talatar Mafara da ribar ƙuli-ƙuli,
ta riƙo ta a cinya har Bakura,
mota na tsalle, tana rarrashinta.
Kulu ta rasu da kaka.
Ta bar mini tukwane, da bashin gishiri,
da wannan sarkin tono.

Labbo mahauci ya leƙo ta kan darni:
"Malam, aza mata wuƙa tun da sauran numfashi.
Sabo da kaza ba ya hana yanka.
Gobe mushe za ka kai juji."
Gaskiya ya faɗa. Har na wasa wuƙar.
Sai na mayar da ita kube,
na ce bari dai mu ga safiya.

Na raba ta da 'yan'uwanta,
na kife mata kwando a ɗakin girki
inda murhu ke da sauran ɗumi.
Na share akurki, na ƙone sharar, na baɗa toka,
ni da ban san inda tsintsiya ke kwana ba.

Inna Tumba ta ce saƙar maɗaci.
Ige, jikata, ta ce barkono a ruwa.
Yaron asibitin dabbobi ya zo a babur,
ya buɗe bakinta, ya dubi kashinta,
ya ƙulla mini gari rawaya a leda:
a kaɗa a ruwa, safe da yamma, kwana biyar.
Abin da ya karɓa ya kusa sayen wata kazar.
Ban gaya wa Labbo ba.

Da na ɗauke ta, babu nauyi,
sai ka ce ƙullin auduga.
Ƙashin ƙirji ya fito yana sukar tafina,
zuciya na bugun babban yatsana
da sauri, da sauri.
Ɗigo ɗaya a gefen baki. In jira ta haɗiye.
Ɗigo ɗaya. In jira.
Hannun nan ya san aikin.
Ya koye shi a Gusau, gado na bakwai,
da cokali da kunun da ya huce,
wata biyu, bai ci nasara ba.

Daren Talata ya fi tsanani.
Tana minshari kamar tsohuwar ƙofa.
Na zauna kan kujerar tsugunno da fitila
har kwaɗin fadamar shinkafa suka gaji suka yi shiru.
Na ji kunyar roƙon Allah a kan kaza.
Na roƙa.

Alhamis, na dawo daga asuba,
ban cire takalmi ba na ji:
ƙwas.
Ƙwas, ƙwas.
Baki ne a kan tasa.
Tsakin gero da na jiƙa tun jiya,
tana tsinta ɗaya-ɗaya, tana hutawa.

Jumu'a ta taka uku ta faɗi.
Asabar ta yi wankan ƙasa a gindin zogale,
ta kori ƙadangare daga bakin randa.
Labbo ya leƙo, ya daɗe yana kallo.
"To," ya ce, "bari ta yi nama."

Ba ta gode ba.
Ta ci, ta goge baki a ƙasa, hagu da dama,
ta wuce ni kamar ba mu taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.
Halinsu ne, ban riƙe ta ba.

Yau, sati uku, na ji ƙyarƙyara a ɗakin Kulu,
ɗakin da ban buɗe ba tun sadakar arba'in.
Ta tagar da ta karye ta shiga.
Na tura ƙofa.
A cikin faifan da ke kan gado,
ƙwai ɗaya, ƙarami, da ɗan jini a jikinsa.
Na ɗauka.
Da ɗumi.